Yadda na rage teɓa ba tare da na rame ba

Wata uku na yi ina gudu kowace asuba a titunan Sakkwato, ina kuma ƙin cin abincin dare, amma teɓar tana nan, sai damatsana da cinyoyina ne suka zube. Daga baya na gane cewa yunwa da gudu kaɗai suna cinye tsoka tare da kitse, muddin jiki bai samu isasshen furotin (sinadarin da ke gina tsoka) ba, kuma ba a sa shi ɗaga nauyi ba.

Nauyina kilo 85 ne, don haka na nemi furotin kusan giram 136 a rana, wato giram 1.6 ga kowane kilo, daga wake, ƙwai, kifi, nono da nama maras kitse. Ban bar fura ba, domin Basakkwace ba ya rabuwa da ita. Sukarin na cire, na kuma mayar da tuwo malmala ɗaya. Sau uku a mako nake ɗaga ƙarfe bayan sallar asuba, kafin rana ta take, ina ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Bayan wata huɗu kilo 4 kacal na rage, amma sai da tela ya matse mini ƙugun wandunana.