Idan katangar tsaron kwamfuta ta nemi kalmar sirri

Ina da ɗan shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim. Ran nan yaron shagona ya leƙo: "Yallaɓai, kwamfuta tana neman kalmar sirri, ni kuwa hoto kawai zan turo daga waya."

Ga dalili. Katangar tsaro ta Windows, wato firewall, tana barin abin da ke fita daga kwamfuta, amma tana tare mai son shigowa. Manhajar tura hotuna tana jiran waya ta shigo mata, sai katanga ta tambaya. Ba wa manhajar hanya canza dokar katanga ne, wannan kuwa sai da kalmar sirrin mai babban asusu, wato Administrator, mai iko da kwamfutar. Shi ya sa na bar yaron a ƙaramin asusu tun farko.

Kafin ka rubuta komai, duba. Tambayar gaskiya takan nuna sunan manhajar da kamfanin da ya yi ta, in an zo neman kalmar sirri kuma sauran allon yakan dusashe. Wadda ta fito cikin shafin intanet, rufe ta, tarko ce.

Ka san manhajar, kai ka buɗe ta yanzu? Zaɓi Private (intanet na gida ko shago) kaɗai, ban da Public (na wuraren jama'a), ka sa kalmar da hannunka. Ba ka san ta ba, danna Cancel.

In ka hana bisa kuskure, daga babban asusu danna maɓallan Windows da R tare, rubuta wf.msc a akwatin da ya fito, shiga Inbound Rules, ka goge dokar da ta tare manhajar.