Yadda za ka sa a duba maka solo ɗinka na jita a kiɗan blues mai tafiya a hankali

Masu ta tambayata yaya za su samu wanda zai saurari solo ɗinsu (wato wurin da mai jita ke nuna bugunsa shi kaɗai a cikin kiɗa) ya faɗa musu gaskiya, to ga shi nan gaba ɗaya.

1. Fara daidaita tsirkiyoyin jitarka.
2. Nemo kiɗan rakiya na blues mai bar 12 (bar ɗaya bugu huɗu ke nan), kamar bugu 60 a minti.
3. Ajiye wayar da za ka ɗauki sautin da ita ɗan nesa da amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita), in ta matsa kusa sautin fashewa yake.
4. Buga zagaye biyu na bar 12 ɗin a ɗauka ɗaya, ko ka kuskure ci gaba abinka.
5. Bari sai gobe ka saurara.
6. Rubuta tambaya ɗaya tak, misali "in na ja tsirkiya sama tana kaiwa daidai ko tana gazawa?" ko "ina barin sarari ko cika surutu nake?"

Hattara a nan: in ka tura da "ya kuka gani?" ba abin da za ka samu sai "masha Allah, ka iya", kuma wallahi wannan ba ya gyara hannu.

7. Tura wa wanda ya fi ka bugu, ka ce ya faɗi sakan ɗin da matsalar take.
8. Kar ka kare kanka, yi godiya kawai.
9. Gyara abu ɗaya, ka sake ɗauka kan wannan kiɗan dai.