Yadda ake taka tsohuwar hanyar Ridgeway a Ingila

Hanyar nan mil 87 ce, daga Overton Hill kusa da Avebury har Ivinghoe Beacon, kan tudun alli take bi, kuma an fi shekara dubu biyar ana takata. Wasu masu addinin gargajiyar Turawa na wannan zamani su dai tafiyar kanta ibada ce a wurinsu.

In kana da kwana ɗaya kacal to fara daga farin dokin Uffington, wato ƙaton hoton doki da aka sassaƙa a jikin tudu kusan shekara 3,000 baya. Daga nan ka miƙe yamma, tafiyar rabin awa ko fiye kaɗan sai ga Wayland's Smithy, tsohon kabarin duwatsu ne cikin bishiyoyi, mutanen dā suna cewa wai in ka bar dokinka da tsabar azurfa, maƙerin ɓoye zai sa masa takalmi kafin ka dawo. Za ka ga furanni ko ƙyalle da masu ziyara suka ajiye, kar ka taɓa, nasu ne.

Ɗauki ruwa da yawa, sama can famfo sai an sha wuya. In an yi ruwan sama kuwa allin nan santsi yake kamar sabulu, sai ka sa takalmi mai riƙe ƙasa.