Yadda za ka sa baki a gyaran dokar inshorar lafiyar talakawa tun tana hannun majalisa

Jama'a assalamu alaikum. Abin da yasa na zauna rubuta wannan shine wata maƙwabciyata a nan cikin birnin Zariya, mai ƙaramin ƙarfi ce sosai, an sa sunanta a cikin masu katin lafiya na kyauta, ranar da naƙuda ta kamata cikin dare muka ɗauketa a Keke Napep da katin a ɗaure a bakin zani cikin leda, mun isa asibiti aka karɓi katin aka duba aka ce eh sunanta na ciki amma allurar da ake buƙata babu sai dai a siyo a kemis. Mijinta ya fita da silifas ƙafa ɗaya ya tsinke yana buga ƙofar mutane neman rance. Allah Ya sauketa lafiya, amma ni tun daga ranar nake tambaya wai shin a ina matsalar take, sai na gano wani ɓangaren tun daga yadda aka rubuta doka ne, kuma ita dokar nan akwai lokacin da ake buɗe ƙofa a ce kowa ya zo ya faɗi nashi, mu ne bama zuwa. To ga yadda ake yi daidai abin da na koya.

Da farko ka san dokar da ake son gyarawa, don in baka san tsohon zance ba sabo zai wuce ka. A 2014 shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, a cikinta ne aka kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF, wanda doka ta ce a dinga zuba mashi abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Rabin kuɗin na biyan inshorar marasa ƙarfi ne, kashi 45 na ƙananan asibitocin unguwa wato magani da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 na taimakon gaggawa, haka dokar ta raba. Amma kaga sai a kasafin 2018 aka fara sa mashi kuɗi, wajen naira biliyan 55, shekara huɗu kenan doka na kwance a takarda. Sannan a watan Mayun 2022 marigayi Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa wato NHIA wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ita ce ta ce inshorar lafiya ta zama dole akan kowane ɗan Najeriya, kuma ta ware asusu na musamman don masu rauni, yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu ciki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da wanda bashi da shi kwata kwata. A nan jiharmu ta Kaduna kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha wato KADCHMA ce ke riƙe da abin tun dokar 2018, wanda mutane ke ce ma taimakekeniyar lafiya, kusan kamar adashi ne, a tara a tukunya ɗaya wanda ciwo ya kayar a ɗaga shi. Duk gyaran da za kaji ana magana, ko na a ƙara kashi 1 ɗin nan ya koma 2 wanda an jima ana kira akai, ko na wa za a sa a cikin masu kyauta, akan waɗannan dokokin yake hawa.

Sai ka tantance ƙudirin na wace majalisa ne, wannan da sauƙi. In na tarayya ne Abuja ce, majalisar wakilai mai mutum 360 da ta dattawa mai 109, kuma mu Zariya bamu da uzuri tunda ɗan majalisarmu Tajudeen Abbas shine kakakin majalisar wakilai tun 2023. In na jiha ne Lugard Hall ce a Kaduna, 'yan majalisa 34, mu muna da na Birni da na Kewaye, 'yan Sabon Gari suna da na Sabon Gari da na Basawa.

Ƙudiri kuma tafiyarshi kamar haka take, karatu na ɗaya sunanshi kawai ake karantawa, karatu na biyu a yi muhawara akan manufarshi, daga nan a miƙa ma kwamitin lafiya, to nan ne wurinka, don kwamitin ne ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a. Bayan nan su kai rahoto, majalisa ta bi shi sashe sashe, karatu na uku, in na tarayya ne ɗayar majalisar ma ta amince, a kai ma shugaban ƙasa ko gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya maida shi doka ba tare da shi ba. Mu yawanci sai an sa hannu muke ji a rediyo mu fara ƙorafi a majalisar mai shayi, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu nemo kwafin ƙudirin. Kar ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp, ka je ofishin mazaɓa na ɗan majalisarku ka ce kana son kwafi, ko ka nemi akawun kwamitin lafiya, shine mutumin da takardu ke bi ta hannunshi kuma sau da yawa yafi ɗan majalisar sauƙin samu. Na tarayya wani lokaci ana samu a intanet. Sanarwar zaman kuma a jarida ake bugawa da shafukan majalisa na Facebook, a ciki za kaga rana da wuri da ranar rufe karɓar takardu da kwafi nawa ake so, wannan ranar rufewar ka riƙeta da kyau.

Da turanci ake rubuta ƙudiri, turancin lauyoyi ma, don haka kar ka zauna kai kaɗai kana fama. Zariya ce fa, ga Kongo ga Samaru ga Shika, da wuya a rasa ɗalibin lauya ko nas ko malamin makaranta a unguwa. Ku zauna a zaure bayan isha'i mutum biyar ko shida, ɗaya na karantawa yana fassarawa ɗaya na rubutawa, kuma dan Allah ku sa mata a ciki ko ku aika masu su yi nasu zaman, don su ne ke zuwa awo su ne ke goya yaro zuwa asibiti, sun san abin da mu bamu sani ba, ungozomar unguwarmu ita ta faɗa mana abubuwan da suka fi nauyi a takardarmu.

To me za ku duba a ciki? Anan nake so in daɗe don anan aikin yake.

Abu na farko waye talaka a wurin ƙudirin, kuma waye zai zaɓe shi. Ana amfani da rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa wajen ɗauko sunaye, to ku duba ko ƙudirin ya faɗi yadda wanda aka tsallake zai shiga, bazawarar da mijinta ya rasu bara ta bar gidan haya ta koma gidan iyayenta a Dambo ko Wuciciri, wa zai sa sunanta, sau nawa ake sabunta rajistar, shekara shekara ne ko sai yadda hali yayi. Ku nemi a rubuta cewa kwamitin ci gaban gunduma da masu unguwanni su sa hannu a jerin sunayen kuma a liƙa shi a bangon asibiti kowa ya gani, don in aka bar abin a ɓoye kowa yasan yadda yake komawa na 'yan siyasa da 'yan uwansu. Sai maganar NIN, in ƙudirin ya ce sai mai NIN za a ma rajista to ku tambaya ya za a yi da tsohuwar da bata taɓa yi ba da almajiri da jaririn da aka haifa a gida, ku ce a sa cewa za a kawo masu yin NIN ɗin wurin rajistar, a yi duka rana ɗaya.

Na biyu kuɗin daga ina. Wallahi duk ƙudirin da yayi alƙawarin kyauta bai faɗi kashi nawa ba kuma daga wane asusu, ku ɗauka romon baka ne. Akwai kalmomi biyu da nake so ku farauta da biro a hannu, "shall" da "may". In ance gwamnati "shall" ta bada kuɗi to dole ne, in ance "may" to in ta ga dama ne, kalma ɗaya ce amma ita ce bambancin akwai allura da babu allura. Ku kuma nemi a sa lokaci, misali a saki kuɗi duk wata uku, da abin da zai faru ga jami'in da ya riƙe. Dalili kuwa yadda tsarin yake shine ana biyan asibiti wani abu akan kowane kai da aka mashi rajista, ko yazo ko bai zo ba, da wannan kuɗin incaj wato shugaban ƙaramin asibitin ke siyan magani, to in kuɗin yayi wata da watanni bai zo ba, ko aka bar shi yadda yake alhali farashin magani ya ninka, incaj bashi da yadda zai yi sai ya rubuta maka takarda ka tafi kemis. Don haka ku nemi a rubuta cewa za a dinga duba wannan kuɗin akai akai daidai da kasuwa.

Na uku me katin ya ƙunsa. Awo da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da rigakafi galibi suna ciki, amma ku duba tiyatar haihuwa da ƙarin jini da hawan jini da ciwon suga da sikila, sannan in ƙaramin asibiti ya gaza aka tura mutum babban asibiti wa zai biya mota, kuma lambar izinin da ake jira kafin a fara aiki awa nawa doka ta ba masu badawa. Mace na zubar da jini ba a ce mata jira lamba, ku nemi a rubuta ƙarara cewa a gaggawa magani ne farko takarda daga baya, dama dokar 2014 ta hana asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa, sai ku jingina da ita.

Sai wurin kai ƙara, in aka karɓi kuɗi a hannun mai kati ina zai je kuma kwana nawa za a amsa mashi, a sa lambar waya da mai jin Hausa zai ɗauka.

In kun gama sai rubuta takardar. Kar ta wuce shafi biyu ko uku, ku sa sunan ƙungiyarku da unguwa da gunduma a sama, a rubuta zuwa ga shugaban kwamitin ta hannun akawu, sannan sunan ƙudirin da lambarshi. Kowace magana ku yi mata haka, sashe kaza ya ce kaza, matsalarshi kaza, muna so a maida shi kaza, ku rubuta ainihin kalmomin da kuke so a sa don ku rage ma akawu aiki, abin da aka bashi a shirye shi yake saurin ɗauka ya sa a rahoto. Ku haɗa da shaida ta gaskiya, fotokofin rasit ɗin kemis, fotokofin kati amma ku rufe suna da hoto kuma sai da yardar mai shi, in kun zaga gida 30 kun tambaya ku ce gida 30 kar ku ce 300, ƙarya ɗaya in aka kama ta zubar da duk takardar. Ba zagi ba jam'iyya. Ku yi ta da turanci ku haɗa da ta Hausa, mai unguwa da liman da shugabar mata su sa hannu, in akwai coci a gundumar shima a nemi nasu hannun don ciwo bai san wannan ba. Ku kai kafin ranar rufewa kuma a buga maku hatimin an karɓa akan kwafinku.

Karon farko da muka je irin wannan zama hannu rabbana muka tafi, mun yi sammako daga Kwangila da maganganu cike da baki amma ba takarda, aka kira masu takarda ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyoyin likitoci da kamfanonin inshora da masu sut da fayil, lokaci ya ƙare muka dawo da maganarmu a ciki, har yau abin na min ciwo don a zauren nan kaf babu wanda ya ambaci maganar siyan magani a waje. Shi yasa nake nanata takarda. Ranar zaman ku isa da wuri ku rubuta suna a rajistar masu magana, ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu, minti kaɗan ake bayarwa don haka a taƙaita gaisuwa, ranka ya daɗe shugaban kwamiti sunana kaza daga gunduma kaza, buƙatunmu uku ne, shikenan ka shiga. In turanci na baka wahala nemi izini kayi da Hausa ɗan uwanka ya fassara. In kuma zaman a Abuja ne kuɗin mota ya gagara, ku aika takardar ta imel ɗin da ke cikin sanarwar ku kai kwafi ofishin mazaɓa.

Bayan zama kar ku kwanta. Ku kira akawu ku ji yaushe za a kai rahoto, ku tuna ma ɗan majalisarku da saƙo ranar da za a bi shi sashe sashe don shi yana da ikon miƙewa ya kawo gyara a wurin ko da kwamiti bai ɗauki taku ba. In an sa hannu kuma sai ku koma kan kasafi, wanda shima majalisar ce ke dubawa duk ƙarshen shekara kuma kwamitin lafiyar nan ne ke zama da hukumomin su kare nasu, a nan za ku ga ko an sa kuɗin da doka ta ce, ku tuna masu da alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware ma lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. A unguwa kuma duk wata uku mutum biyu daga cikinku su leƙa wurin incaj cikin mutunci su tambaya kuɗin ya shigo ko bai shigo ba, mutum nawa ke da kati a nan, wane magani ne ya ƙare, su rubuta a littafi da kwanan wata. Mu littafi mai shafi 60 muka siya yana hannun sakatarenmu, da shi zamu tafi zama na gaba in Allah Ya kaimu.