Darasi na Tara: Ƙwayar Hawan Jini

Idan an auna ku a asibiti, lambobi biyu ake rubutawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In sun kai 140/90 ko sun wuce, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to hawan jini ne. Daga nan likita yakan rubuta magani, kuma sau da yawa sunansa amlodipine. Akwai ɗan'uwansa nifedipine.

Yaya yake aiki? Jijiyar jini tana da nama a bangonta. Sinadarin kalsiyam ne yake shiga naman nan ya sa shi tsukewa, hanya ta ƙuntata, jini ya riƙa wucewa da ƙarfi. Ƙwayar tana tare wa kalsiyam ƙofa, jijiya ta saki, zuciya ta huta. An lura irin wannan magani yana karɓar baƙar fata sosai, shi ya sa akan fara da shi.

Ku ɗauko kwalin ku duba lambar da ke jiki. In amlodipine ne, akwai 5 mg, akwai 10 mg (mg ma'aunin yawan maganin ne a cikin ƙwaya). Yawanci da 5 ake farawa, ƙwaya ɗaya a rana, kuma ba a wuce 10. Ku tsayar da lokaci guda, misali bayan sallar asuba. Da azumi a sha da sahur ko bayan buɗa baki. Wanda ya manta har washegari kada ya haɗa biyu.

Inda aka fi samun matsala shi ne kumburin ƙafa. Wasu idon sawunsu yakan tashi, musamman da yamma, sai tsoro ya kama su, su jefar da maganin ba su gaya wa kowa ba. Kuskure ne babba. Ku koma wurin likita, yana iya rage shi ko ya canza wani. Ciwon kai da jin ɗumi a fuska kan lafa bayan 'yan kwanaki.

Wasu kuma da sun ji garau sai su ce sun warke. Ai ƙwayar ce take riƙe da jinin. Ranar da aka bar ta, zai soma hawa, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. A rage gishiri da dunƙule a miya. Mai juna biyu ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Aiki: ku kwafi sunan maganinku da lambarsa a littafinku, ku karanta wa na kusa da ku.