Darasi: Yadda ƙafar jariri ke kasancewa bayan an gyara murɗewarta

Ana haihuwar wasu jarirai da ƙafa a murɗe, tafin ya juya ciki, diddige ya ɗage sama, yatsu kuma suna kallon ƙasa. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ne ke zuwa da wannan lalura, ta fi yawa ga maza, kuma kimanin rabin masu ita ƙafafu biyun take shafa. Ba shan inna ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne.

Tambayar da iyaye suka fi yi wa likita ita ce, “Shin ƙafar za ta dawo kamar ta kowa?” Idan aka fara magani a makonnin farko na haihuwa, aka kuma bi shi har ƙarshe, yawancin yara suna taka tafin ƙafa sosai a ƙasa, su sa takalmi irin na kowa, su yi gudu ba tare da ciwo ba. Hanyar da aka fi amfani da ita a yau ita ce ta Dakta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka. Likita yana miƙar da ƙafar a hankali da hannunsa, ya ɗaure ta da filasta, wato ɗauri mai tauri irin na karaya, daga yatsu har cinya, ana sakewa mako-mako, galibi sau 5 zuwa 8. Daga nan yawancin jarirai sukan buƙaci a ɗan yanka agara domin diddige ya sauko, sai a sa filastar ƙarshe ta mako 3.

Ranar da aka cire filastar ƙarshe hankalin iyaye yakan tashi, domin sukan ga ƙafar ta juya waje fiye da kima, fatar ta yi laushi tana saɓa, ga tattara a gefen idon sawu, wani lokaci da ɗan kumburi. Da gangan likita ya zarce da gyaran, saboda ƙafar tana da halin komawa ciki, kuma sannu a hankali za ta daidaita. Fatar ma takan murmure cikin 'yan kwanaki. Tabon agara ƙarami ne ƙwarai, sai an duba da kyau ake ganinsa, saɓanin babbar tiyata wadda kan bar dogon tabo, ta kuma bar ƙafa a sandare.

Duk da haka, ya kamata a faɗa wa iyaye gaskiya tun farko, domin ɓoye ta yana rage musu yarda da maganin. Ƙafar da aka gyara takan ɗan fi ɗayar gajarta, har lambar takalmi ta iya bambanta, kuma sha-raɓarta takan fi siranta har girma. Lalurar ce ta zo da wannan sirantar, ba filasta ce ta tsotse naman ba. Idan ƙafafu biyun aka gyara, da wuya wani ya lura, tunda sun yi kama da juna.

Abin da ke riƙe kyan ƙafar shi ne takalmin gyara, wato takalma biyu da sanda ta haɗa su. Jariri zai sa shi awa 23 a rana na tsawon wata 3, sannan a koma sa masa lokacin barci kawai har ya kai shekara 4 ko 5. A nan ne aka fi samun sakaci, domin ƙafar ta riga ta yi kyau a ido, yaro kuma yana kuka a kwanakin farko, sai tausayi ya sa a cire. Yawancin ƙafafun da suka sake murɗewa ta haka abin ya faro. Idan uwa ta ga diddige yana zamewa daga takalmin, ko ja da ƙuraje a fata, ko yaro ya fara taka gefen ƙafa, sai ta koma asibiti da wuri, domin sau da yawa 'yan filastoci kaɗan sun isa su maido da gyaran.