Yadda ake amfani da ziyolait wajen rage amoniya a tankin tarwada

Duk mai kiwon tarwada a bayan gida a Kano ya san halin Afrilu. Ruwa ya ɗau zafi, kifi ya ƙi cin abinci, wasu su tsaya a miƙe a saman ruwa kamar an rataye su. Sau da yawa amoniya ce, wadda kifin ke fitarwa da wadda ragowar abinci ke haifarwa, kuma gubarta tana ƙaruwa da zafi. Nan ne ziyolait ke da rana.

Ma'adini ne na alminiyam da silika mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A 1756 wani masani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya ga yana fitar da tururi idan an gasa shi, sai ya raɗa masa sunan Girkanci mai nufin "dutse mai tafasa". Ana sa shi a garin sabulun wanki, da matatun mai, da na'urar iskar oksijin ta asibiti. Na kifi shi ne nau'in kilinoptilolait, wanda ke riƙe amoniya ya saki sodiyam a madadinta.

Ka nemi mai kama da ƙananan tsakuwa, ka wanke shi har ruwan ya daina fari. Ka rufe hanci yayin juye shi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Zuba shi a buhun albasa, ka ɗaure a bakin bututun da ruwa ke zagayawa. Wanda aka jefa a ƙasan tanki laka ce za ta toshe shi. Fara da kilo 1 ga lita 1,000, sannan ka riƙa auna amoniya kullum. Ruwan burtsatse mai yawan kalsiyam yana cinye masa gurbi, don haka zai cika da wuri.

Idan awo ya fara hawa, ya ƙoshi ke nan. Jiƙa shi awa 24 a ruwan gishiri, gram 50 a kowace lita, ka ɗauraye sosai, ka mayar.

Babban kuskuren da ke kashe kifi shi ne zuba gishirin magani a tanki alhali buhun na ciki. Gishirin zai sa dutsen ya amayar da amoniyar da ya tara. Ciro buhun tukuna. Kuma dutsen ba ya kama naitirait, wata gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama a cikin ruwa, saboda haka canjin ruwa yana nan daram.